Harsunan Tagulla

Kakana Tijjani ya yi shekara talatin da ɗaya
a ƙarƙashin jiragen Atbara, kwance rigingine,
baƙin mai na ɗiga masa a gemu.
Bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba.
Yau jirginsa bai wuce tafin hannuna ba,
yana kan tsohon ƙyaure da muka ɗora bisa gadon igiya,
dogo ya zagaye katakon kamar awarwaro.

Ciwon jirgin ɗaya ne:
in ya iso mahaɗa sai ya ƙame,
fitilarsa ta ƙifta, ta mutu,
sai an zungure shi da yatsa kamar jakin mai ruwa.

"Ƙafa shida gare shi," in ji Kaka,
"biyu kaɗai ke shan wuta.
Huɗun nan 'yan rakiya ne."

Ya buɗe gwangwanin madara inda tarkace ke barci,
ya zaro ɓallen tagulla mai kaurin ɓawon albasa
da ya ciro daga cikin matacciyar rediyo.
Almakashi ya ƙi tsayawa a hannunsa.
Ya dubi yatsun, ya dubi bango,
ya turo mini.

Na yanka harsuna huɗu,
kowanne bai kai ƙwayar shinkafa faɗi ba.
Ɗaya ya tsalle daga bakin hantsaki,
muka durƙusa muna lalubensa a tabarma,
ni da idona, shi da addu'a,
har Hajja Sakina ta leƙo da jabana
ta ce tun da aka yi aurensu
ba ta ga ya nemi wani abu nata haka ba.

Babu wuta tun hantsi.
Na ɗora ƙusa a garwashin kofinta har ta yi zafi,
na taɓa dalma, ta narke, ta yi ƙwalla,
ta riƙe wayar ja a dama, baƙa a hagu.
"Kada su gaisa," ya ce,
"ranar da suka gaisa, hayaƙi za ki sha."

Na lanƙwasa harsunan su jingina da bayan ƙafafu.
Muka jona batirin babur.
Jirgin ya yi nishi, ya ja jiki kamar mai ciwon kwankwaso.
Kaka bai ko sa tabarau ba,
kunne kawai ya karkata:
"Kin shaƙe shi, Batulu. Na baya, na hagu."
Na sassauta. Sai fitila ta kama ƙifce-ƙifce.
"Yanzu kuma kin sake shi."
Sau bakwai na kifar da shi a cinyata.
Gumi ya shiga idona, na ce a bar shi sai gobe,
sai na tuna gobe ina cikin motar Bur Sudan.

A na takwas ban san me na yi ba.
Tsinin allura ne, da numfashin da na riƙe.

Ya taso a hankali,
tafiyar wanda ya fito masallaci bai da sauri,
ya iso mahaɗa,
ƙafa ɗaya ta saki dogo, biyar suka riƙe,
ya wuce.
Fitilar ba ta ko girgiza ba.

Kaka ya fara kiran tashoshi ƙasa-ƙasa:
Haya, Sinkat, Jebet,
duwatsun da ya sani a bakin direbobi kawai.
Jirgin na wuce gwangwanin madara,
yana wuce kofin shayi,
yana dawowa.

"In kin ga teku," ya ce, idonsa na kan ƙyaure,
"ki duba mini ko dogon can ya yi tsatsa."

Da asuba na sami ƙonuwa a babban yatsana,
ƙarama, fara, ba ta kai ƙwayar gero ba.
Har muka wuce Haya ina danna ta.